Ashanti: Jirgin Yaƙin Ingila Da Ya Ci Sunan Tonawa

Daga cikin jiragen ruwan yaƙi 16 iri ɗaya waɗanda Rundunar Sojan Ruwa ta Ingila ta ƙera gab da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu, guda 4 ne kaɗai suka ga ranar da aka ajiye makamai cikin shekarar 1945. Sauran 12 duk sun nutse, waɗansu a gaɓar ƙasar Norway, waɗansu a Bahar Rum, waɗansu a tekun Atlantika da tekun ƙanƙara na arewacin duniya, tare da ɗaruruwan mazajen da ke cikinsu. Ɗaya daga cikin huɗun da suka tsira shi ne jirgin da ake kira Ashanti, wanda aka raɗa wa sunan mutanen Asante na ƙasar Gana, watau waɗanda fataken goro na ƙasar Hausa suka daɗe da sani da sunan Tonawa.

Labarin wannan jirgi abin dubawa ne, domin ya nuna yadda gwanayen ƙira suka yi shirin wani irin yaƙi, sa'an nan yaƙin ya zo musu da wata kama dabam, da kuma irin rayukan da aka yi hasara kafin a gyara kuskuren.

Asalin irin waɗannan jirage

Ashanti yana cikin jinsin jiragen da sojan ruwa ke kira distiroya, ma'ana mai hallakarwa. Asalin jinsin yana komawa ne ga ƙarshen ƙarni na 19, sa'ad da aka ƙago makamin nan tofido, wanda ke tafiya da kansa a ƙarƙashin ruwa ɗauke da nakiya, ya fasa cikin jirgi daga inda ba a yi masa sulke ba. Da wannan makami, ƙaramin kwalekwale mai gudu yana iya nutsar da babbar manuwa wadda aka ɓatar da dukiya mai yawa wajen ƙera ta. Saboda haka cikin shekarar 1893 Ingila ta soma fito da waɗansu jirage masu sauri da igwa, aikinsu shi ne su tare kwalekwalen nan kafin su kusanci manyan manuwoyi. Sannu a hankali aikinsu ya faɗaɗa, suka zama su ne 'yan rakiya, su ne 'yan leƙen asiri, su ne mafarautan jiragen ƙarƙashin teku, su ne kuma masu ceton waɗanda jirginsu ya nutse.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ta saba ƙera distiroya matsakaita, mai nauyin kimanin tan 1,350, da igwa 4 da bututun harba tofido 8. Irin waɗannan suna da arha, ana kuma iya yin su da yawa. Amma cikin 1928 sai Japan ta fito da jiragenta samfurin Fubuki, masu igwa 6 da bututun tofido 9, waɗanda suka fi na Ingila girma da ƙarfi nesa ba kusa ba. Faransa da Italiya su ma suka shiga ƙera manya, daga baya Jamus ta bi sahu bayan Hitila ya hau mulki cikin 1933. Hafsoshin Ingila suka ga lalle in aka yi karo a teku, jiragensu za su sha wuta tun kafin su kai inda za su iya ramawa.

Sai dai akwai abin da ya ɗaure musu hannu. Yarjejeniyar da manyan ƙasashe suka ƙulla a Landan cikin 1930 ta hana a ƙera distiroya da ya wuce tan 1,850. Tilas ke nan duk abin da ake so a cusa shi cikin wannan ma'auni, kuma duk abin da aka ƙara a nan, sai an rage wani a can. Bayan doguwar muhawara, masu son igwa suka rinjayi masu son tofido. Aka tsai da shawara a ninka igwa ta zama 8, a rage bututun tofido ya koma 4. Cikin 1936 aka ba da kwangilar jirage 7, sa'an nan aka ƙara 9, aka kuma sa musu sunayen ƙabilu da al'ummai na sassan duniya, kamar su Zulu, Somali, Nubian, Mashona, Matabele, Bedouin, Sikh, Gurkha, Maori, Eskimo da Cossack.

Sigar jirgin

Kamfanin William Denny da ke garin Dumbarton a bakin kogin Clyde na Sikotland shi ya ƙera Ashanti. An soma aikinsa cikin Nuwamba 1936, aka tura shi ruwa ran 5 ga Nuwamba 1937, aka gama shi ɗungum cikin Disamba 1938. Tsawonsa ƙafa 377 ne, faɗinsa ƙafa 36 da rabi, watau tsawon ya ninka faɗin fiye da sau 10, kamar takobi, don ya ji daɗin keta ruwa. Tukwanen tururi 3 masu cin baƙin mai ke juya injunansa 2, masu ƙarfin doki 44,000, waɗanda ke iya tura shi gudun kimanin mil 41 cikin awa guda. In kuwa ya tafi a hankali, kamar mil 17 a awa, man da ke cikinsa zai kai shi mil 5,700 na teku kafin ya nemi ƙari. An tsara shi don mutum 190, ko da yake lokacin yaƙi yawansu ya haura haka saboda sababbin na'urori da bindigogi.

Igwansa 8 masu faɗin baki inci 4.7 ne, an ɗaura su bibbiyu a kan magirka 4, biyu a gaba, biyu a baya. Domin jiragen ƙarƙashin teku an sa masa na'urar sauraro da ake kira Asdik, wadda ke aika sauti cikin ruwa ta saurari amonsa, da kuma gangunan nakiya waɗanda ake jefawa su fashe a zurfin da aka ƙayyade. Ba shi da sulke ko kaɗan. Ƙarfen jikinsa siriri ne, kariyarsa ita ce gudu da iya kaucewa. Wurin da kyaftin ke tsayawa kuwa a buɗe yake, ba rufi, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara.

Aibin da ba a lura da shi sosai ba a lokacin yana ga igwan nan da ake alfahari da su. Ba a iya ɗaga bakinsu sama ya wuce digiri 40. Wannan ya isa in ana harbin wani jirgin ruwa, ko jirgin sama da ke can nesa, amma jirgin saman da ya zo daidai kai ya sulalo ƙasa kamar shaho, igwan ba za su same shi ba. Abin da ya rage don kare kai shi ne bindiga guda mai baki 4 da ake kira fom-fom saboda ƙararta, da waɗansu ƙananan bindigogi masu jigida waɗanda ba su cin dogon zango.

Ziyarar Gwalkwas da farkon yaƙi

A ƙarshen watan Fabrairu 1939 jirgin ya kai ziyara tashar Takoradi ta ƙasar Gwalkwas, kamar yadda ake kiran Gana a zamanin mulkin Turawa. Sarkin Asante, Osei Agyeman Prempeh na Biyu, ya ba jirgin kyautar ƙararrawa ta azurfa da garkuwa ta zinariya, jama'a kuma suka yi ta tururuwa zuwa kallon jirgin da ya ci sunansu. Cikin watan Yuni na wannan shekara Ashanti yana cikin jiragen da aka tura gaggawa don ceton jirgin ƙarƙashin teku Thetis, wanda ya nutse kusa da Libaful yana cikin gwaji. Mutum 4 kaɗai suka fita, 99 suka rasu.

Da yaƙi ya tashi cikin Satumba 1939, ba a daɗe ba aibin nan ya bayyana. Ran 9 ga Afrilu 1940, ranar da Jamus ta faɗa wa Norway, jiragen samanta suka nutsar da Gurkha. Ran 3 ga Mayu suka ƙara da Afridi, wanda ke ɗauke da sojojin da aka kwaso daga garin Namsos. Ganin haka hukumar sojan ruwa ta ba da umurni a cire ɗaya daga cikin magirkan baya na kowane jirgi, a sa igwa biyu masu inci 4 waɗanda ake iya ɗaga bakinsu kusan tsaye. Daga baya aka yi ta ƙara musu ƙananan bindigogin kakkaɓo jiragen sama da na'urar rada mai hango abokin gaba cikin duhu. Duk da haka, daga cikin jirage 12 da aka yi hasara, rabinsu jiragen sama ne suka gama da su.

Shi Ashanti ya fita daga yaƙin Norway da ransa, amma ya kusa halaka a ƙofar gida. Cikin Oktoba 1940, ana shirin fito da sabuwar manuwa King George V daga kogin Tyne, shi da wani distiroya mai suna Fame suna gudu cikin dare da hazo, sai suka hau duwatsu a Whitburn kusa da Sunderland. Cikin Ashanti ya yage ƙwarai, aka yi kwanaki ana fama kafin a janye shi, gyaransa kuwa bai ƙare ba sai cikin Agusta 1941. A tsakanin watannin nan da ya yi yana jinya, 'yan'uwansa Mohawk da Mashona suka nutse.

Ayarin Malta

Babban aikin da ya fito da sunan Ashanti ya zo ne cikin Agusta 1942. Tsibirin Malta yana tsakiyar Bahar Rum, a kan hanyar da Jamus da Italiya ke bi su kai wa Janar Rommel mai da abinci da makamai a Libiya da Masar. Muddin tsibirin yana hannun Ingila, jiragen sama da na ƙarƙashin teku da ke can suna iya tsinke wannan hanya. Don haka abokan gaba suka yi masa ƙawanya, suna ruwan bama-bamai dare da rana, har abinci da mai suka kusa ƙarewa, hukumar tsibirin ta soma lissafin ranar da yunwa za ta tilasta mata miƙa wuya.

Ingila ta haɗa ayarin jiragen kaya 14 masu sauri, cikinsu har da tankar mai ta Amurka mai suna Ohio, ta ba su rakiyar manyan manuwoyi 2, da jirage masu ɗaukar jiragen sama, da kuruza 7, da distiroya wajen 30. Ayarin ya ratsa mashigin Jibralta daren 10 ga Agusta. Washegari jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar da Eagle, ɗaya daga cikin masu ɗaukar jiragen sama. Da yammacin ran 12, da aka iso matsatsin da ke tsakanin Tunisiya da Sisili, manyan jiragen suka juya baya kamar yadda aka shirya, aka bar ayarin hannun Admiral Harold Burrough, wanda ke jagorancinsa daga cikin wani kuruza mai suna Nigeria.

Ba a yi awa biyu da rabuwa ba sai wani jirgin ƙarƙashin teku na Italiya mai suna Axum ya saki tofido 4, ya sami jirage 3 a lokaci guda: Nigeria, da kuruza Cairo, da tankar Ohio. Mutum 52 suka mutu cikin Nigeria, jirgin ya karkace, tilas ya juya zuwa Jibralta. Cairo kuwa bai gyaru ba, aka ƙarasa nutsar da shi. Nan take Ashanti, ƙarƙashin Kwamanda Richard Onslow, ya matso jikin Nigeria ya ɗauki Admiral Burrough da hafsoshinsa, ya zama shi ne jagoran ayari.

Wannan sauyi ya zo da matsala babba. Nigeria da Cairo su ne kaɗai ke da rediyon da ake magana da matuƙan jiragen sama na Malta a nuna musu inda maƙiya ke tafe, Ashanti ba shi da irinsa. Ga shi ayarin ya watse cikin duhu. Da almuru jiragen sama suka auko, da tsakar dare kuma kwalekwalen tofido na Italiya da Jamus suka yi kwanto a gaɓar Tunisiya, suka hallaka kuruza Manchester da jiragen kaya da dama. Da gari ya waye ran 13, Burrough ya tattara abin da ya saura, Ashanti da sauran 'yan rakiya suka yi ta harbi har suka miƙa su ga jiragen Malta. Jiragen kaya 3 suka shiga tashar a ranar, na huɗu ya iso ran 14, ita kuwa Ohio sai ran 15, distiroya biyu na tallafe da ita hagu da dama don kada ta nutse. Jirage 9 cikin 14 sun salwanta, amma kimanin tan 30,000 na kaya da man da Ohio ta kawo sun ba tsibirin damar ci gaba da tsinke hanyar Rommel a watannin da suka gabaci yaƙin El Alamein.

Jan Somali a tekun ƙanƙara

Ko wata guda ba a yi ba, Ashanti ya bar zafin Bahar Rum ya koma arewa, inda ake raka ayarin makamai zuwa Rasha ta bayan Norway. A can ruwan da ya fantsamo bisa jirgi yana daskarewa, sai ma'aikata su bi shi da gatari suna fasawa don kada nauyinsa ya kifar da su, wanda kuwa ya faɗa teku ba ya wuce 'yan mintoci a raye. Tun cikin Janairu na shekarar aka ga misali, sa'ad da aka harbi Matabele, mutum 2 kaɗai suka tsira. Cikin Yuli kuma ayarin da ake kira PQ 17 ya yi hasarar jiragen kaya 24 bayan an janye masa 'yan rakiya.

Don kada a maimaita wannan, aka haɗa wa ayari na gaba, PQ 18, ƙarin distiroya 16 ƙarƙashin Admiral Robert Burnett, Ashanti da Somali na cikinsu. Ayarin ya tashi da jiragen kaya 40 cikin Satumba 1942, aka yi kwanaki ana gwabzawa, 13 suka nutse, sauran suka isa Rasha. A kan hanyar dawowa, ran 20 ga Satumba, jirgin ƙarƙashin teku U-703 ya sami Somali a ɗakin inji. Jirgin bai nutse ba, amma ba ya iya motsi. Aka kwashe yawancin mutanensa, aka bar waɗansu su yi ta fama da ruwan da ke shiga.

Onslow ya ɗaura wa Somali igiyar ƙarfe ya soma ja zuwa Aisland. Da injin lantarkin Somali ya mutu, famfunan kwashe ruwa suka tsaya, sai ma'aikatan Ashanti suka miƙa waya daga nasu jirgin ta bi igiyar jan, wuta ta dawo. Da man Ashanti ya yi ƙasa, aka shayar da shi daga tankar Blue Ranger ba tare da ya saki ɗan'uwansa ba. Haka aka yi kwana 4 ana tafiyar hawainiya, aka ci fiye da mil 400. Amma cikin daren 24 ga wata guguwa mai ƙanƙara ta taso, Somali ya karye biyu ya nutse. Mutum 35 kawai aka iya tsamowa, cikinsu har da kyaftin ɗinsa, Colin Maud. Kwana 10 kafin nan Sikh da Zulu sun halaka a Tobruk. Somali shi ne na 12, kuma na ƙarshe da aka rasa daga cikin 16 ɗin.

Daren da aka ƙera shi dominsa

Sai da aka kai shekarar 1944 sa'an nan Ashanti ya sami irin yaƙin da masu ƙirarsa suka yi nufi, watau karon jirgi da jirgi da bakin igwa. An sa shi cikin Runduna ta 10 da ke Plymouth, tare da Tartar da Eskimo da Javelin, da jiragen Kanada irinsa, da kuma 2 na Polan. Aikinsu shi ne share yammacin mashigin Ingila kafin sojojin ƙawance su sauka Faransa. Daren 26 ga Afrilu suka nutsar da jirgin Jamus T29, kwana 3 bayan haka Jamusawa suka rama da Athabaskan na Kanada, wanda ya tafi da mutum 128.

Ran 6 ga Yuni aka sauke sojoji a gaɓar Normandi. Jamus ta turo jirage 4 daga Brest su faɗa wa jiragen da ke jigilar sojoji da kayansu, biyu daga cikinsu masu igwa inci 5.9 ne, sun fi na Ashanti girma. Ingila ta riga ta san da tafiyarsu saboda tana karanta saƙonnin asirin Jamus. Bayan ƙarfe ɗaya na daren 9 ga Yuni rada ta nuna su, jirage 8 na Runduna ta 10 suka tare su. Jamusawa suka saki tofido, aka kauce, aka matsa kusa inda yawan igwa da saurin ɗuri ke aiki. Tartar ya sha harsashi a wurin tsayawar kyaftin, wuta ta kama shi. Cikin hayaƙin sai ga ZH1, jirgin da Jamus ta ƙwace daga Holan, ya tsaya cik saboda raunin da aka yi masa. Ashanti da Tartar suka rufe shi da wuta, Ashanti ya ƙara masa tofido, kafin asuba ya fashe ya nutse. Haida da Huron na Kanada suka kori jagoran Jamusawa, Z32, har ya hau duwatsun tsibirin Batz. Biyun da suka rage suka koma Brest, kuma daga ranar distiroyan Jamus ba su sake yunƙurin kusantar Normandi daga yamma ba.

Ƙarshen jirgin

Cikin kaka ta 1944 aka shigar da Ashanti gyara, sai aka tarar shekaru 5 na gudu da duka sun cinye injunansa da jikinsa. Bai sake fita fagen fama ba. Bayan yaƙi aka yi amfani da shi wajen gwajin ƙarfin nakiya a kan jikin jirgi, sa'an nan cikin 1949 aka kai shi garin Troon na Sikotland aka yanka shi ƙarfe-ƙarfe. Kuruza Nigeria ya fi shi tsawon rai, domin an gyara shi a Amurka, daga baya aka sayar wa Indiya, ya shiga rundunarta cikin 1957 da sunan Mysore. Ingila kuma ta sake sa wa wani sabon jirgi sunan Ashanti, wanda ya fara aiki cikin 1961.

Darasin da aka koya daga jinsin Ashanti ya shiga cikin jiragen da suka biyo baya. Distiroyan da Ingila ta tsara a tsakiyar yaƙin, samfurin Battle, an yi musu igwa masu ɗaga baki har digiri 80, don igwa guda ta yi maganin na ruwa da na sama. In an haɗa da 8 na Kanada da 3 na Ostareliya, jirage 27 aka ƙera bisa tsarin Ashanti. Guda ɗaya ne ya rage a duniya, shi ne Haida, abokin faɗansa na daren 9 ga Yuni, wanda aka mai da shi gidan tarihi a tashar Hamilton ta ƙasar Kanada, inda jama'a ke shiga su ga igwan da ɗakunan da mazajen nan suka zauna.